Hular Kaka Eufemia

Zuwa ga Gwaggo Miledys,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya sanyin New York? Ki gafarce ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Jiya makarantarmu ta kai mu filin besbol, wasan ƙwallo da sanda, na ƙungiyarmu ta Kadoji, inda aka rataya hotunan cika shekara hamsin da cin kofinmu na farko. Akwai babban hoton bugun ƙarshe, wanda ya tsallakar da ƙwallo bayan fili muka doke abokan hamayyarmu Kunamu. Kin san Kaka Fermín kullum yana cewa ranar ya fara ganin marigayiya Kaka Eufemia cikin 'yan kallo. Na gan ta a hoton, Gwaggo, har da tabon haɓarta. Hular Kunamu ce a kanta, tana kuka.

Matar da muka lulluɓe akwatin gawarta da tutar Kadoji. Ranar Asabar Kaka Fermín zai jefa ƙwallon buɗe wasa, kuma ta gaban hoton za a bi da shi. Kin san ciwon zuciyarsa. Yaya zan yi?

Ki huta lafiya,
Yudelka

Yudelka 'yata,

Ina amsawa. Tun da na karanta wasiƙarki abinci ya ƙi shiga. Uwar da ta haife ni, Kunama? Ni da na ƙi auren Wilfrido saboda ƙungiyar nan!

Ki ɓoye tabaran Baba. In kun zo wurin, ki tare hoton da jikinki, ai tsawonki zai yi amfani ranar. Kada ubanki ya ji, bakinsa ba ya rufuwa.

Allah ya tsare,
Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na ɓoye tabaran, ashe yana da tsoho a aljihu. Ya ture ni da sandarsa, ya tsaya gaban hoton har mutane suka taru a bayanmu. Sai ya yi dariya, ya ce shi ya miƙa mata hankici ranar.

"Ku dai dolaye ne," in ji shi. "Duk ranar da Kunamu suka doke mu, me take dafawa?"

Naman akuya, Gwaggo. Mu da muka ɗauka lallashinmu take yi.

Na daure na tambaye shi batun tutar. Ya cire tabaran ya goge, ya ce tutar tamu ce, shi kafin a rufe akwatin ya sa mata hularta.

Taki,
Yudelka