Ƙibar da Ta Same Ni Bayan Rasuwarki

Zuwa ga Uwar Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Da kina nan ma, cewa za ki yi in daina ɓata biro in faɗi abin da ke bakina. To, ba kya nan, sai biron.

Kowa lafiya a Faskari. Dawa ta yi kyau bana, ko da yake gonar nesa har yanzu ba mai zuwa, kin san halin da ake ciki. Sadiya ta haifi mace, an sa mata sunanki. Amma abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne na jawo miki magana a gari, kuma wallahi ba da gangan ba. Uwar Sadiya, ƙiba na yi.

Kin san ni. Duk zamanmu kina tuƙa tuwo ina cinyewa, amma ina nan kamar karan dawa. Sai da kika rasu fuskata ta fara cika. Wuya ya cika, riguna suka matse, har babbar rigar sallar nan da kike cewa ina iyo a ciki ta zama daidai ni. Ga barci. In zauna a majalisa barci, a huɗubar Juma'a barci. Ana zafin bazara, ni ina cikin bargo.

Kin san mutanenmu. Wanda matarsa ta mutu, rama ake jira a gani a jikinsa. Ni kuwa kullum ƙara kumbura nake. Nan da nan magana ta zaga gari, wai ashe ke kika hana ni sakewa, ashe da awo kike ba ni tuwo. Rabi matar ɗanmu Auwalu, da yake ita ke min girki yanzu, sai ta ɗauka aikin hannunta ne, tana tafiya kai a sama. Tsakanina da ke, tuwon yarinyar nan duk gudaji ne, rabinsa kaji ke cinyewa. Su ma ba su yi ƙiba ba.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya ƙona min rai zuwan yayanki ne, Malam Haruna, daga Sabuwa. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya gaisa a taƙaice, ko ruwa bai sha ba ya juya. Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Na ji labari yana cewa an binne ƙanwarsa an huta. Ni? Ni da har yau ban iya buɗe ɗakinki sai na daɗe tsaye a bakin ƙofa?

Sai na tashi haiƙan in rame don in wanke sunanki. Na kama azumin Litinin da Alhamis, na rage tuwon dare, ban ga komai ba. Na je kasuwar Ƙanƙara wurin masu magani da lasifika, na ce ina son abin da zai kore min kasala. Aka lodo min kwalabe, wata da hoton ƙato mai damtse, wata da hoton ciyawar teku. Abokaina suka gani suka yi ta ƙyafta wa juna ido, wai shirin sabon aure nake. Kin ga an ƙara miki wata a kan ta da. Kwalaben kuma ba abin da suka tsinana, sai ma wuyan da ya ƙara tasowa.

Sadiya ce ta tasa ni gaba har asibiti a Katsina, da irin faɗan nan naki sak. Aka ɗebi jini. Likita ta ce akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ke ba jiki kuzari. Wai garkuwar jikina ce, maimakon ta yaƙi cuta, ta juyo tana yaƙar tsokar nan har ta kusa daina aiki. Na ce a raina, ashe har cikin jikin mutum ana samun matsalar tsaro. Ta ce wannan kumburi ciwo ne, ba hutu ba, kuma ƙila ya fara tun kina da rai. Na so a ce duk Faskari na cikin ɗakin nan suna ji.

Ta duba kwalabena ta ture su gefe. Ta ce mai ciyawar tekun cike take da wani sinadari wai shi aidin, kuma yawansa ga mai irin ciwona ƙarin wuta ne. Ta ce ƙwayoyin ƙarin gina jiki ba sa warkar da wannan ciwo, sai dai su cike giɓin abin da gwaji ya nuna babu. Ta rubuta min wata 'yar ƙwaya, kullum da safe kafin koko, har ƙarshen raina. Ta ƙara da maganin ƙarin jini, amma ta ce kada su haɗu da ƙwayar safe, ɗaya ya shiga sai ɗaya ya yi nisa, kamar surukai. Har da bitamin ɗin da ake samu a hasken rana. Ni da na ƙare rayuwata a gona, yau ake sayar min da rana a kwalba. Kin ga abin da zaman bargo ya jawo?

Da sannu fuska ta saɓe, barci ya ragu, riguna suka koma suna min yawa. Rabi ta shiga damuwa, tana ta ƙara min man shanu. Gari kuma ya juya. Yanzu cewa ake sai a hankali rashinki ya kama ni, wai mace irinki ba a gane ta sai ta tafi.

Makon jiya sai ga Malam Haruna a kan babur, duk da lalacewar hanyar Sabuwa. Yana ganina ya riƙe hannuna ya fashe da kuka. Ya nemi gafara, ya ce yanzu ya tabbata na riƙe ƙanwarsa da zuciya ɗaya, amma in ji tsoron Allah kada in kashe kaina da tunani. Sannan ya zaro kwalbar maganin ƙiba daga aljihu ya danƙa min. Na buɗe baki zan yi masa bayanin tsokar wuya, sai na ga hawaye a gemun dattijon. Na fasa, na karɓa, na yi godiya. Ba zan sha ba, kada ki damu.

To sunanki ya wanku, ko da yake ba ta hanyar da ta kamata ba. Su da jikina suke auna son da nake miki, kuma sau biyu suna kuskuren awo. Ban taɓa gaya miki ba, kunya ta hana, amma tuwonki na fi so a duniya, da zaman da kike yi a gefe kina min fifita. Da na kumbura da na saɓe, kewarki ɗaya ce, ba ta ragu ba ko kaɗan. Wannan ramar da suke wa kuka kuwa, likita ta ce lafiya ce ta dawo. Jikin nan ne dai da kika yi shekaru kina ciyarwa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sada mu da alheri. Idan na zo za ki gane ni.

Naki har kullum,
Baban Sadiya, siririn nan da kika sani.