Wa Ya Watsa Wa Murhuna Ruwa?

Zuwa ga mai girma Alhaji, Shugaban Kwamitin bikin buɗe sabon ɗakin shan magani na garinmu, a ƙasar Gaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina yi maka barka da zafi, ina gaishe ka da jama'a, tare da fatan iyali suna lafiya. Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, ni ce Tabawa mai girkin biki. Ka san ni sarai, amma da yake ba kai kaɗai za ka ji wannan takarda ba, bari in faɗi ko ni wace ce. Sana'ata girkin taro: aure, suna, saukar karatu, tarbar alhazai, sadakar uku da ta arba'in. Wajen uwata na gaje ta, kuma tun Turawa ba su tafi ba nake bin ta da muciya a hannu. Daga Balan zuwa Kademi har Ajingi, da wuya ka sami unguwar da ban kafa murhu a cikinta ba. Da hannuna nake wannan rubutu, albarkacin ajin yaƙi da jahilci da na shiga da furfurata ana yi min dariya. In ka ga layin ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da ludayi.

Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka. Zuwan farko aka ce kana hutawa. Na biyu aka ce ka tafi Kano. Na uku ina kallon takalmanka a bakin zaure aka ce ba ka nan. Shi ya sa na koma ga takarda, kuma na sa an kwafe ta domin a karanta a kasuwa, tunda a kasuwar aka ɓata min suna.

Na farko, abin da muka yi da kai. Mako shida ke nan, ranar Litinin, ka aika aka kira ni zaurenka. Magatakardan kwamitinka, Malam Sabo, yana zaune a gefe da biro. Ka ce babban baƙo zai zo daga Kano ranar Alhamis, kana son tuwon shinkafa da miyar taushe wanda zai ishi manya da sauran mutanen gari, kuma za a yanka raguna uku. Na ce to, amma da sharaɗi ɗaya. Na ce bazara muke ciki, miyar taushe kuwa gyaɗa ce da kabewa, ba ta jure jira. Dole a bar ta a kan garwashi tana numfashi, kada a kwashe ta sai baƙi sun zauna sun wanke hannu. Haka uwata ta koya min, haka nake yi a kowane gida. Ka yi dariya ka ce ai ni na san aikina, babu mai shiga min. Malam Sabo ya ji, don har ya gyaɗa kai.

Na biyu, abin da ya faru ranar. Muna sallame sallar asuba muka hura wuta a bayan sabon ginin, ni da Kande mai tuƙa min tuwo da sauran matan nan uku da ke aiki da ni. Kafin hantsi ya ɗaga miya ta haɗu. Wallahi ban taɓa yin wadda ta fi ta ba, masu kafa rumfa har barin guduma suke suna leƙowa. Sai ga Malam Sabo cikin farin kaftani, takarda a hannu, yana toshe hanci. Wai hayaƙina yana shiga rumfa, wai zai baƙanta bangon da aka shafe da farar ƙasa, wai bai kamata babban mutum ya zo ya tarar da mata da tukwane da itace kamar a ƙauye ba. Ikon Allah! To ina muke in ba a ƙauye ba?

Ya ce shi ya taɓa zuwa wata liyafa a Kano, ya ga yadda wayayyu suke yi: ana jera abinci a kan tebur cikin kwanuka masu murfi tun kafin baƙi su iso. Ashe tun ranar Laraba ya bi gidajen amaren bana ya aro musu kwanukan jerensu, waɗanda ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Na ce Malam, ka yi wa Allah, wannan miya ba ta shiga kwano a rufe ta cikin wannan zafi. Na ce in hayaƙi ne, zan janye itacen in bar garwashi kawai. Na ce in ganinmu ne ba a so, a ɗaura zana a kare mu. Ya buga takardarsa da yatsa, ya ce ga shi a rubuce baƙo zai iso ƙarfe goma sha ɗaya, saura kaɗan. Da na ƙi matsawa, sai ya kira leburorin da ke yayyafa wa fili ruwa, ya sa suka juye garwa uku a kan murhuna.

Alhaji, shekara talatin da wani abu ina wannan sana'a. An yi min rowa, an yi min gori, an taɓa hana ni ko kan rago. Amma ba a taɓa watsa wa wutata ruwa ina tsaye ba sai ranar. Har yau ban manta ƙarar da garwashin nan ya yi ba.

Na uku, jiran. Aka kwashe miya da zafinta aka rufe, aka jera a ƙarƙashin tamfol inda ko mutum ba ya iya minti biyar bai jiƙe da gumi ba. Goma sha ɗaya ta wuce. Aka yi azahar, babu mota babu ƙurarta. Na lallaɓa na ɗaga murfi ɗaya, sai na ga ta fara kumfa a gefe-gefe, tsami ya bugi hancina. Na nemo Malam Sabo na ce ka gani ko, abin da na faɗa ya faru. Na ce har yanzu da sauran dabara: a ba ni busasshen itace, ina da kuka da daddawa a gida, kafin la'asar zan kaɗa miyar da za ta fitar da mu kunya. Ya ce miyar kuka a gaban baƙon Kano? Ya ce kuma raguna ukun da ke cikin wannan fa, me zai gaya maka? Na ce to a kai ni wajen Alhaji in gaya masa da bakina. Ya ce kana bakin hanya kana jiran mota, kuma ba a son mata a wajen rumfa, in koma baya.

A nan zan faɗi nawa laifin, don ban zo in wanke kaina da ƙarya ba. Na koma bayan. Da na sani, da na bi kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya na kifar da su a ƙasa, a ce Tabawa ta haukace. Na ji tsoron a ce na kunyata gari a gaban baƙi, na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ni zan amsa shi a gaban Allah. Amma shi kaɗai ne nawa.

Na huɗu, waɗanda suka ci. Baƙo bai iso ba sai bayan la'asar. Ya yanke ƙyalle, ya yi jawabi, aka ba shi balangu da lemon kwalba, ya ce yana sauri, ya shiga mota. Ku manyan da ke kan kujeru abin da ya ci kuka ci, babu wanda ya taɓa miya a cikinku. Talakawan da aka tara tun safe a rana, yunwa ta gama cin su, su aka tura wa kwanukan. Wasu sun ji tsamin suka ce ko yakuwa ce ta yi yawa, suka ci gaba da ci. Washegari ɗakin shan maganin da kuka buɗe da su ya fara aiki, har a ƙarƙashin bishiya aka shimfiɗa tabarmi. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, amma tsohon ladaninmu sai da ya kwana biyar bai iya tashi ba, gari yana jin kiran salla da wata murya. Na dama masa kunu na aika. Iyalinsa suka dawo min da ƙwaryar ko faifan ba a ɗaga ba.

Na biyar, hukuncin da aka yi min ba tare da an tambaye ni ko kalma ɗaya ba. Ranar Asabar duba-gari ya zo gidana da takarda daga kwamitinka, wai tukwanena ne ba su da tsabta. Ban ga laifinsa ba, aiko shi aka yi. Ya shafa yatsa a cikin babbar tukunyar, ya dubi yatsan, ya kasa haɗa ido da ni, amma duk da haka aka ɗora su uku a amalanke aka tafi da su. Babbar cikinsu ta ƙarfe ce mai ƙafa uku, ta uwata ce, ita ta sa mata suna Uwar Gayya. A cikinta aka dafa tuwon aurenka, Alhaji, ni na tuƙa shi. Yanzu tana kulle a ɗakin ajiyarku, ga damina ta kusa, babu mai shafa mata mai.

Wannan bai isa ba, ranar kasuwa mai shela ya zagaya da gangarsa yana cewa kwamiti ya hana kowa ba Tabawa girkin taro. Ina rumfar masu daddawa na ji sunana yana tashi a sama. Na juya na koma gida. Daga ranar, bukukuwa huɗu da aka riga aka gaya min duk an aiko cewa an fasa da ni. Kande da sauran matan, biyu a cikinsu marayu suke riƙo, suna zaune hannu rabbana. Maƙwabciyata da ba ta taɓa barin tukunyata ta sauka ba ta miƙo kwano ba, yanzu in na ce bisimilla sai ta ce a ƙoshe take. Wannan ya fi yunwa ciwo, wallahi ya fi.

Na shida, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya mai ɗakinka Hajiya ta aiko min wata tsohuwa. Bikin 'yarku saura mako biyu, dangin ango daga Ajingi za su zo, kuma an rasa wadda za ta iya da girkin. Saƙon shi ne in zo in dafa. Za a fito da tukwanena a ɓoye a kai su gidanka, in riƙa shiga ta ƙofar baya da lulluɓi, in an tambaya a ce 'yan'uwa ne suka zo daga Kano suka yi girkin. Ban so in ambaci Hajiya a takarda ba, mutuniyar kirki ce, ta yafe min. Amma makullin ɗakin ajiyar nan ba a hannunta yake ba, a aljihunka yake.

To Alhaji, ina tambaya. In hannuna guba ne, don me za ka ciyar da surukanka da shi? In tukwanena ƙazanta ne, don me za a dafa abincin 'yarka a ciki? Ashe ka san gaskiya. Ka san wanda ya kashe wutar, kawai dai shi mai biro ne, ni kuwa tsohuwa ce mai ludayi, ɗora min ya fi sauƙi.

Ga abin da nake roƙo. Mai shelar nan da ya fasa sunana, shi nake so ya sake zagayawa, da gangar nan, a kasuwar nan, ya ce an kwashe miyar ne ba da yardar Tabawa ba, kuma kwamiti ya janye maganarsa. Ban ce a kori Malam Sabo ba, yana da iyali, kuma na san burge baƙo ya so yi, ba cutar da kowa ba. Ya dai buɗe baki ya ce shi ya sa aka zuba ruwan. A dawo min da tukwanena da rana tsaka, ta hanyar da aka bi aka tafi da su, kowa yana gani. Sannan kai da 'yan kwamitinka ku taka ku je ku gaida ladan da sauran waɗanda suka kwanta, don har yau babu wanda ya leƙa su a cikinku. In kana shakkar maganata, duwatsun murhuna suna nan a bayan ginin, da gawayin da ya sha ruwa ya daskare. Ka je ka duba, ka tambayi leburorin.

In an yi haka, zan dafa wa 'yarka abincin da za a daɗe ana zancensa. Ni na dafa tuwon sunanta, ba zan so wata ta dafa na aurenta ba, kuma Allah ya sani da na mayar da tsohuwar nan hannu wofi sai da na yi kuka. Amma ta ƙofar zaure zan shiga, fuskata a buɗe, a kira ni da sunana. In kuwa ba za a yi ba, kwanukan jere suna nan a ɗakunan amare, Malam Sabo kuma ya san yadda ake yi a Kano.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon faɗin gaskiya ko da a kan na kusa da kai ne. Allah ya sanya albarka a auren yarinyar nan, ya ba su zaman lafiya, ya sa baƙinta su ci abincinsu da zafinsa.

Ina jiran ƙarar ganga ranar kasuwa.

Wassalam.

Ni ce,
Tabawa mai girkin biki.