Gashin Glenys Fari Ne

Moonta, farkon Fabrairu

Zuwa ga Yaya Thelma,

Gaisuwa da girmamawa daga ƙaninki da ya daɗe bai ɗauki alƙalami ya neme ki ba. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Clem da jikoki, kuma damunar Cairns ba ta tayar miki da ciwon gwiwa ba. Kin san na daina zuwa coci tuntuni, amma har yanzu in na tuna ki sai in ji bakina ya ce Allah ya ƙara miki lafiya, to ki karɓa a hakan. Mu nan zafi ne kawai. Bishiyar lemon da Baba ya dasa ta bushe gefe guda. 'Yarmu Bronwyn tana Adelaide, an ƙara mata girma a wurin aiki, ɗanta Lachlan kuma ya samu lasin tuƙi, har ya riga ya goge motar uwarsa da bangon gareji.

Yaya, Bronwyn za ta buga miki waya, in ma ba ta riga ta buga ba. Tana so ta ɗauke uwarta Glenys daga gidan nan ta kai ta gidan kula da tsofaffi a Adelaide. Ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai ta ji ta bakinki, domin a dangi ke kaɗai ce ba ta musu da ke. Gara ki ji abin da ya faru daga wurina.

Ciwon mantuwar matata ya yi nisa fiye da yadda nake gaya miki. Wata Talata a watan jiya, bayan mun ci abincin rana, na kishingiɗa da littafi, barci ya sace ni. Da na farka na tarar da ƙofar baya a buɗe, babu Glenys. Kin san bayan gidanmu, tsofaffin ramukan haƙar tagulla har yanzu suna nan cikin ciyawa, ga rana tana dukan ƙasa kamar a soya ƙwai. Na yi ta ƙwala mata kira har muryata ta dushe, sannan na kira 'yan sanda.

Wata yarinya suka aiko, 'yar sanda mai ladabi, sa'ar jikokinki. Ta tambayi shekarun Glenys da tsawonta da kayan da ke jikinta. Kayan ban sani ba, ko da yake tare muka ci abinci. Sai ta tambaye ni ko tana da wata alama da ta bambanta ta da sauran mutane, ta yi amfani da kalmar nan, characteristic. Yaya, kalmar da na kwashe rabin rayuwata ina koyarwa kenan. Duk ajin da ya bi ta hannuna, kafin a soke darasin Girkanci da Latin a mayar da ni mai gadin ɗakin karatu, sai da na tsaya gaban allo na ba su tarihinta. Asalinta daga Girkawa ne, daga kalmarsu ta zana abu da tsini a kan ƙarfe ko dutse. Daga nan ta zama sunan hatimin da ake buga wa tsabar kuɗi, da shaidar da hatimin ke bari. Sannu a hankali aka ɗora ta a kan ɗan Adam, ta zama halin da aka buga masa wanda ba ya gogewa. A zamanin kakanninmu har takardar shaida da uwar gida ke ba 'yar aiki in za ta bar gidan, da 'yar'uwar wannan kalma ake kiranta. Nakan rufe darasin da cewa mai ilimi shi ne wanda ke ganin abin da ya raba wannan da wancan, jahili kuwa komai ɗaya ne a idonsa.

To ki yarda da ni, a tsaye a kicin, matata tana wani wuri cikin rana, na fara yi wa yarinyar nan wannan darasi. Tsoro ne, na sani, amma abin da ya fito kenan. Ta bar ni na ɗan yi, sannan ta ce Malam, a bar Girkawa tukuna, gashinta wane iri ne. Na ce baƙi, mai tsawo har kafaɗa, kuma doguwa ce miƙaƙƙiya. Ta ɗago kai ta ce baƙi, a shekarunta, ko rini take yi. Raina ya ɓaci, na ce mata tun ba a haifi uwarta ba nake auren matar nan, kada ta koya mini kamanninta. Ta nemi hoto na kwanan nan, hotunan kuwa duk suna wayar Bronwyn, ita kuma tana kan hanya tana tuƙi ba ta ɗauka. Sai aka baza abin da na faɗa, mutanen gari suka fita neman doguwar mace mai baƙin gashi.

Sai da rana ta yi sanyi Bronwyn ta iso, ita ce kuma ta gan ta. Tana zaune a bencin bakin gadar katakon nan da ta shiga teku, inda muke kama ƙaguwa muna yara. Leɓunanta sun tsage, wuyanta ya sale, ba ta iya tsayuwa. Sai da ta kwana biyu a asibiti ana ƙara mata ruwa. Kevin Trewartha, wanda na taɓa koyarwa, yana cikin masu neman. Ya same ni a barandar asibiti yana murza hularsa, ya ce ya wuce ta wurin har sun gaisa, wata 'yar tsohuwa mai farin kai da ɗan doro, bai kawo komai a ransa ba tunda ba ita aka ce su nema ba. Shi yake ba ni haƙuri, Yaya. Ban iya kallonsa ba.

Yanzu labarin ya gama gari. Ranar da na shiga kanti sayen madara, Norm mai gyaran taya ya ce ashe Farfesa ya ɓoye wata mai baƙin gashi bai gaya wa kowa ba, a nuna musu ita su ma su gaisa. Abokinsa ya ce a bar shi, mutumin da ya san sunan kowane sarkin Rum ai ba shi da lokacin duba wadda ke dafa masa abinci. Da can da na mayar musu da wadda za su kwana suna juyayi. Na biya kuɗin madarata na fito. Bronwyn kuwa ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, Baba, shekara ashirin da Mama ta yi furfura, ina kake duk lokacin nan.

Da na zauna rubuta miki, niyyata in roƙe ki ki goyi bayana a bar mini matata. Amma na ajiye takardar kwanaki, saboda abin da ya faru da safiyar da aka sallamo ta ya ƙi fita raina. Ma'aikaciyar jinya ta ce a riƙa taje mata kai, yana kwantar mata da hankali. Na zaunar da ita a bakin taga na ɗauki matajin. Fari ne fat, ya yi laushi, ya zube a tsakiya har ana ganin fata. Ina tajewa na tambaye ta me ta je yi bakin teku. Ta ce saurayinta take jira, Hedley, wato ni kenan, wani dogo mai jan gashi da ya samu gurbin karatu a birni, ya yi alkawari zai zo da bas ɗin yamma. Ta juyo ta dube ni da sanƙona, ta ce in na gan shi in gaya masa ta jira har ta gaji, ta kuma gode mini da nake da hannu mai sauƙi.

Ita ma ashe wancan saurayin take riƙe da shi, kamar yadda nake riƙe da waccan budurwar. Amma ita ciwo ne ya yi mata haka. Ni lafiyata ƙalau.

Don haka ba zan ce ki hana Bronwyn ba. Mutumin da barci ya ɗauke shi ƙofa a buɗe, ya kuma tura gari neman matar da babu ita, ba shi da bakin cewa shi kaɗai ya isa. Abu ɗaya nake roƙo. Akwai irin wannan gida a Kadina, nan kusa, bai kai na Adelaide kyau ba, kuma sai an jira gurbi. Ki ce wa Bronwyn ta jira, zan sa kwaɗo a ƙofar baya, in ɗauki mai taya ni da rana kafin lokacin. In aka kai ta Adelaide, sau ɗaya a wata zan gan ta. In Kadina ce, kullum da safe zan je da matajin. Na fara ganinta a makare, kada a ɗauke ta ban gama ba.

In an sake tambayata yau, ga abin da zan ce. Gajeruwa ce yanzu, tana ɗan duƙawa ta dama. Akwai tabon ƙuna a bayan hannunta na hagu, ban san yaushe ta same shi ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya sai ko ke. Tana murza zoben aurenta in ta tsorata. Gashinta fari ne.

Ki gaishe mini da Clem, ki ce masa har yanzu ban yafe masa kifin da ya ce ya fi nawa girma ba. Ki gaishe da 'yarki Merrin da mijinta, da 'yan biyu, da Inna Beryl in kin leƙa ta. Glenys ma na ce mata ina rubuta miki, ta ce a gaishe da Thelma mai keke ja.

Ni ne ƙaninki mai jiran amsarki,
Hedley