Littafin da Ba Ki Karanta Mini Ba

Zuwa ga Mwantumu, sanyin idona, ruwan ɗanyar kwakwa a tsakar rana, iskar teku mai shigowa ta taga bayan azahar, ƙamshin kanumfari a shinkafar Sallah, malamar malamai, matata, wadda duk garinmu na Pangani babu mai taurin kanta sai ni.

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da rubutun, na allo ne, shi kaɗai na iya, ke kuwa kina karanta shi sarai idan kin ga dama. Bayan gaisuwa ina da ƙorafi, kuma ba na jiya ba ne.

Tun da na aure ki ban taɓa samunki gaba ɗaya ba. Da asuba ke ta mutanen takarda ce, na cikin labaranki, waɗanda ba sa ci ba sa sha, amma sun fi ni samun kulawa. Da hantsi ke ta ɗalibai ce, masu zuwa ki koya musu yadda ake ƙaga labari, kamar ƙarya ma sai an shiga aji. Da rana ke ta mai buga littattafanki ce, mutumin nan mai siririyar murya da ba ya kiran waya sai na kai loma baki. Ni Kombo me ake bar mini? Ƙanzo! Na ci ƙanzon nan shekara da shekaru ban ce uffan ba. To, na ce, amma ba da ƙarfi ba.

Abin da ya sa na daure, ina da haƙƙi guda wanda babu mai shi sai ni. Bayan la'asar mu zauna a dakalin ƙofar gida, ki ɗora takardu a cinya, ki gyara tabarau, ki karanta mini abin da kika rubuta kafin kowa ya gani. Kafin mai ɗab'i, kafin ɗalibai, kafin 'yan jarida masu ɗaukar hotonki ta gefen da bai fi kyau ba. Kunnena ne mashigin farko. Kowane littafi naki ta nan ya fito duniya.

Kin tuna ranar farko? Kina malamar firamare a lokacin, ni ina bakin kogi ina cusa auduga a tsagar jirgin wani. Kika zauna a kan gungume kika ce kina son ki ji yadda labarinki zai yi a kunnen wanda bai san boko ba. Ba ki kai ko'ina ba iska ta taso ta kwashe takardun ta watsa a ruwa. Wa ya faɗa kogi da zanensa? Wa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shanya su a bayan jirgi kamar ƙananan kifi? Kina dariya kina hawaye, tawada ta ɓata miki yatsu, rana tana faɗuwa ta bayan kanki, na ce a raina: Kombo, ka gama yawo. Ya hasken safiyata, tun daga ranar ko tsuntsu ya yi kuka sai in ji ya kasa ki!

Na san abin da za ki ce. Za ki ce ina barci idan kina karatu. Ba barci ba ne, rufe ido nake domin in ga mutanen da kyau, minsharin kuwa na gado ne. Za ki ce ban taɓa ba ki shawarar da kika ɗauka ba. Wannan gaskiya ne, kuma laifinki ne. Na roƙe ki kada ki kashe tsohon masuncin nan na littafinki na biyu, mutum mai kirki, bai tare wa kowa hanya ba. Kika dube ni kika ce labari ne ya so haka. Wane ne labari? A ina yake zaune, in je in same shi? Kika nutsar da bawan Allah a teku, kika tashi kika dafa mini kifi kamar ba ki yi komai ba. Har yau ban yafe ba, na dai ajiye.

Amma wannan karon, ya furen zuciyata, kin wuce gona da iri. Aka kira ki birnin Darussalam ki koyar a babbar makaranta, kika ce zango ɗaya ne. Zango ya haifi zango. Can kika rubuta sabon littafi, can mai siririyar murya ya tsaya a kanki yana cewa lokaci ya ƙure, can aka buga shi. Ni ban sani ba sai da direban motar da ke zuwa daga garin Tanga ya miƙo mini ƙunshi. Na buɗe, ga hotonki a baya kina murmushi, ga shafuffuka cike da baƙaƙen tururuwa, ni da su sai kallon-kallo. Littafin da ba ki karanta mini ba! Na juya shi, na shinshina shi, na sa shi a saman kabad. Yana can.

Kika bugo waya kika ce a sami wani ya karanta mini. Wani! Mwantumu, idan ina jin ƙishin ruwan rijiyarmu, sai a ce in lashi gishirin teku? Kika ce za ki naɗi muryarki ki turo ta waya. Waya tana gyara tabarau? Waya tana tsayawa ta harare ni idan na yi tari? Idan an zo wurin baƙin ciki, wa zan kama wa gefen zane in ce a dakata tukuna? Na ƙi, kuma ina kan ƙi.

Ki ji halin da kika jefa ni. Duk garin nan sun san abin da ke cikin littafin, ban da mijin mai shi. Faki mai gahawa, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, 'yarsa ta karanta masa, yanzu ya zama shehi. Ina zama a bencinsa sai ya kashe wa jama'a ido ya ce, “Mijin malama, ashe haka matar nan ta yi wa mai jirgin fito a ƙarshe?” Sai in toshe kunne in tashi in bar gahawata da zafinta, suna bina da ihu, “Dattijo, dawo, rabi kawai za mu faɗa maka!” Na daina zuwa wurin aski. Na sauya sahu a masallaci. Mutum da furfurarsa yana sanɗa a garinsu kamar ɓarawon kaza, duk don kada ya ji ƙarshen labari daga bakin da ba naki ba.

Yanzu kuma an ce gidan rediyo zai fara karanta shi da an sauko daga Sallah. Ina zan shiga? Kowane shago da rediyo, kowane jirgi da rediyo, maƙwabciyarmu Bi Zuhura kuwa tana ƙure nata har kwanukanmu na rawa. Wani ƙato mai muryar tsakuwa zai shigo mini da labarinki ta katanga, ina ji ina gani.

Akwai kuma abin da ban faɗa miki a waya ba, don kada ki ɗaga hankalin ɗalibanki. Kunnena na hagu ya ajiye aiki tun damina. Na dama ne ya rage, shi ma idan teku ta yi ƙara sai na karkata kai. Ba kuka nake ba, tsufa ne, kowa da inda yake kama shi. Amma ɗan abin da ya saura a kunnen nan na tanada miki shi, ba na so in ƙarar da shi a kan Faki da rediyo. Ya watan daren sha huɗu, ya inuwar mangwaro a watan zafi, ki zo ki zuba muryarki a ciki tun yana karɓa.

Ba na ce ki bar koyarwa ba. Ki koya musu, Allah ya ba su basira, ko da yake na ga wasunsu, sai addu'a. Ba na ce ki bar mai ɗab'i ba, shi ma da bakin da yake ciyarwa. Cewa na yi ki ɗauki hutun Sallah ki hau mota ki zo. Na gyara dakalin, na sa sabuwar tabarma. Na yi alkawari ba zan rufe ido ba, idan kuma ya rufu da kansa ki taɓa ni da ƙafa. Ko wa kika kashe a ciki zan daure, zan ci abincinki a ranar.

Ni naki ne, Mwantumu. Naki nake tun gashina yana baƙi, naki nake yau da babu gashin, naki zan kasance har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa. Ko kogin nan zai juya ya koma tudu, ba za a sami wata murya a zuciyar Kombo ɗan Shaame ba.

Saura amsa. Na tambayi direba, ya ce shi tuƙi ya sani. Na sa an kira mai siririyar murya, ya ce kina aji. Na gaji da aike. Kada ki turo ɗalibi, kada ki turo gaisuwa, kada ki ce mini “za mu gani”, na san wannan “za mu gani” ɗin taki. Ki amsa mini da bakinki, ke da kanki: za ki riga rediyo zuwa, ko ba za ki riga shi ba?