Uku Sun Rayu, Inna

Ibadan, 9 ga Satumba, 1969

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Baba da Ladi, kuma kun fara sabawa da sabon gida a Warra. Ni lafiya lau. Zazzaɓi ya ɗan kwantar da ni, amma ya sake ni.

Kin tuna dashen itacen uwar magunguna guda tara da kika haƙo mini kafin ruwan Kainji ya cinye garinmu? Damina ta nan ba ta ɗagawa. Saiwarsu ta yi baƙi tana wari, shida suka mutu. Shugabanmu a gandun daji ya ce, "Lawali, zubar da sauran, ba za su tashi ba."

Ban zubar ba. Na yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, na shafa toka, na mayar da su cikin yashi da gawayi ƙarƙashin rumfa.

Albishirinki, Inna, duka ukun sun yi sabon ganye! Jiya shugaban ya tara ma'aikata, ya ce in koya musu yadda na yi.

Ki roƙi Baba ya nemo tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Da Sallah zan kawo biyu, ki dasa da hannunki.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Lawali