Fuskar da Zan Zo da Ita

Newcastle, 6 ga Oktoba

Yaya Raelene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da ɗana Kade. Yaya zafin Dubbo? Yaya ƙafar Mama?

Saƙonki ya iso. Wai kin ga hoton da na aiko, kumatuna sun lotsa, don haka na koma wa allurar maye, kada in tako gidanki da Kirsimeti. Haba Yaya! Tun da kika karɓi riƙon Kade ban sake tsira wa jikina komai ba. Kowace safiya ina layin asibiti, in kurɓi maganin da ke kashe mana ƙishirwar abin, in wuce aikina gidan wanki.

Maganin ƙanjamau ne ya mai da ni haka. Yana kwashe kitsen fuska da na hannu da ƙafa, ya jibge a ciki da ƙeya. Likitarmu tana bincike a kan irinmu, masu ƙanjamau da ciwon hanta a haɗe. Ta kwantar da ni cikin na'ura, ta ɗebi jinina, ta ce ashe kitse ma yana sakin sinadari cikin jini, nawa kuwa ya rikice. Jiya a bas wata tsohuwa ta tashi ta ba ni kujera, wai, "Zauna 'yata, wata nawa ne?" Na zauna. To me zan ce mata?

Ki amsa min don Allah. Na kasa zama wuri ɗaya.

Ƙanwarki,
Narelle

Newcastle, 28 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Mama ta ce Kade yana tari, da fatan ya lafa.

Shiru kika yi min. Akwatin wasiƙa har ya gaji da ni. Ci nake kamar gara: soyayyen kifi da dankali, madara, duk abin da na samu. Kome tumbi yake tafiya, fuska ko gezau.

Akwai wani Trev da muke layin magani tare. Ya dube ni ya ce, "Ke Narelle, kin zama gizo-gizo, ciki tulu, ƙafa tsinke!" Na ce, "Kai mai haƙori uku, har ka samu bakin magana?" Da muka gama dariya ya ja ni gefe, ya ce in ajiye ƙwayoyin maganin ƙanjamau, kafin Kirsimeti kumatu sun ciko, wai haka abokinsa ya yi.

Na ajiye su, Yaya. Kada ki gaya wa Mama. Ina son yarona ya ga fuskar da ya sani. Yanzu ba ni da aiki sai leƙa madubi.

Taki,
Narelle

Asibiti, 18 ga Disamba

Yayata,

Ina gaisuwa daga kan gado, zazzaɓi da ciwon ƙirji ne suka kwantar da ni. Kada hankalinki ya tashi, zazzaɓin ya sauka, ƙirjin ma ya yi sauƙi.

Kumatu ba su dawo ba. Likita ta zauna a bakin gadona ta ce, "Narelle, kitsen nan ba ya cikowa don kin bar magani. Ƙwayar cutar ce kawai ta dawo." Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Na sha kuka, sannan na karɓi ƙwayoyina na haɗiye.

Ranar Alhamis zan hau jirgin ƙasa. Ki nuna wa Kade sabon hoton tun yanzu, kada ya tsorata in ya gan ni.

Na san tsohon hotona yana manne a firjinki, wanda nake da kumatu kamar tuffa, ina rungume da Kade yana jariri. Ki tuna, Yaya, a ranar da aka ɗauki hoton nan ke da kanki kika ɓalle ƙofar banɗaki, kika same ni a ƙasa da allura a hannu, Kade kuma yana tsala kuka a falo. Mai kumatun nan kada ki taɓa buɗe mata ƙofa.

Ni dai da wannan fuskar zan zo, ba ni da wata. Zan ƙwanƙwasa, in tsaya.

Ƙanwarki mai kewar ku,
Narelle