Bidiyon Bayan Labule

Unguwar Sheshe, Kano
8 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Zainab da yara da dabbobi. Mu ma nan da sauƙi.

Ga 'yarka nan na haɗo ta da Malam Ɗanladi direba. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na kashe wayata na jefa ta ƙasan akwati, ko ƙararta ba na son ji.

Ka san tana da i'ina tun tana ƙarama. To, a Islamiyyarsu aka zaɓe ta ta yi jawabin maraba ranar walimar sauka. Tana cikin gwaji a ɗaki wani ya ɗauke ta bidiyo, bidiyon ya fita. Mutanen intanet suka yanko daidai inda harshenta ya sarƙe, suka ɗora masa kiɗa. Yanzu daga Sheshe har Gwale babu yaron da bai iya kwaikwayonta ba. Rannan na aike ta sayen manja, mai shagon ya ce sai ta maimaita sau uku, yana dariya. Ta dawo mini da kwalbar babu komai.

Yau kwana goma sha tara ba ta ce uffan ba. Ba ta je walimar ba, makarantar boko ma ta daina zuwa. Baban su Nazeer ya yi mata faɗa, ya ce sabo da waya ne ya jawo, ya hana ta taɓawa. An yi rubutu, an yi tofi, shiru. Shi ne na roƙi a kawo ta wajenka, tunda ku can sai an hau tudu ake samun sabis.

Tana shan fura ba sukari. Ba ta son a kalle ta tana cin abinci.

Ƙanwarka,
Adama

Ƙauyenmu, ta Dambatta
17 ga Oktoba, 2023

Adama,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya, ana ta yankan gero.

Na karanta takardarki sau biyu ina neman sunan yarinyar da kika aiko mini, ban gan shi ba. Na ga Nazeer, na ga Ɗanladi, har manja na gani. Na san kunyar 'yar fari ce. Haka Inna ta yi mini, "wannan yaron" nake har ta koma ga Allah, ina da furfura a gemu. Ba na zargin Inna, amma ni na san yadda abin yake a ciki.

Rukayya ta iso lafiya. Tana bin Zainab wajen tatsa, tana cin abinci, amma baki a rufe. Da na ga haka sai malantar firamare ta motsa, na ba ta littafin rubutu da biro, na ce duk abin da ya tsaya mata a wuya ta zuba a nan. Kwana huɗu ba ta buɗe shi ba. Jiya ta ajiye mini shi a kan buzun salla.

Adama, kin san mako biyu ta yi tana karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon? A wayarki take karantawa, lokacin da kike ba ta ta tura wa masu saye hotunan turaren wutarki. Ta haddace su kamar hadda, ta cika mini shafi uku. Wani ya ce a kai ta asibitin dabbobi. Wata ta ce in ita ce uwar, ɓoye ta za ta yi. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta haɗiye wannan ita kaɗai, kuna gida ɗaya. Aka ƙwace mata waya kamar ita ta yi laifi, amma ba wanda ya zaunar da ita ya tambaye ta me ta gani a ciki.

Abin da ta rubuta a ƙarshe shi ya hana ni sukuni. Ta ce a gefen bidiyon ana ganin bakin koren labule, kuma ana jin wata ta yi dariya. Ta ce ta san dariyar.

Kin ce wani ne ya ɗauka. Wane ne wanin?

Yayanki,
Lawal

Unguwar Sheshe, Kano
22 ga Oktoba, 2023

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini ƙaryar da na yi maka. Ni ce.

Ranar ina tsince shinkafa na jiyo ta a ɗaki tana gwaji gaban madubi. Sau tara tana farowa tana sarƙewa. Na so in shiga in zauna in saurare ta, amma ka san ban taɓa zama na zuba mata ido ba, ƙafata ta ƙi. Sai na tsaya bayan labule na ɗaga wayar, don in samu abin da zan riƙa kallo in babu kowa. A na goman ta kai jawabin har ƙarshe, tiryan-tiryan. Dariyar da ta ji, wallahi ta murna ce, ta kuɓuce mini ne ina hawaye.

Daɗin ya yi mini yawa, na rasa wanda zan gaya wa. Ita ba zan iya ba. Sai na tura a guruf ɗin matan danginmu, na rubuta, "Ku ga 'yarku." Mu sittin da wani abu ne a ciki, ban taɓa tsayawa na ƙirga ba sai daga baya. Ban san hannun wa ya fita ba. Wanda ya yanka ya zubar da na goman, ya ɗauki inda ta sarƙe, ya manna dariyata a kai.

Na goge nawa a ranar da na ga ya bazu, na ɗauka shi ke nan. Ashe abin da ya bar hannunka ba naka ba ne kuma. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya, kowa ta rantse ba ita ba ce.

Lokacin da babanta ke mata faɗa ina tsaye, ban buɗe baki ba. Tsoro na ji. Ta kalle ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Yanzu na gane tun a ranar ta sani.

Don Allah ka karanta mata wannan takardar. Ni na kasa.

Adama

Ƙauyenmu
29 ga Oktoba, 2023

Adama,

Na ji, kuma na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Amma ba zan karanta mata ba. Kin taɓa aika yabonta ta hannun mutum sittin, kin ga inda ya sauka. Wannan karon ki kai da kanki.

Wani matashin malami a makarantarmu ya taya ni kai ƙarar bidiyon, an sauke wasu. Ya ce kada mu yaudari kanmu, ba za su ƙare duka ba. Wannan ya fi ƙarfinmu. Abin da ke hannunmu shi ne yarinyar da ta yarda cewa uwarta ta laɓe ta yi mata dariya. Jiya ta rubuta mini cewa in na amince za ta zauna nan har abada.

Ki gaya wa mijinki gaskiya. Sannan ki rubuto mata.

Lawal

Unguwar Sheshe, Kano
2 ga Nuwamba, 2023

Rukayya,

Na daɗe ina kallon sunan nan bayan na rubuta shi. Ni na zaɓa miki shi tun kina ciki, ta bakin kakarki na aika wa babanki.

Ni na ɗauke ki bidiyon, ni na tura, ban tambaye ki ba. Ba ki yi laifin komai ba, na gaya wa babanki haka, ya kasa cin abinci ranar. Sau goma kika yi jawabin nan. Duniya ta ga guda ɗaya, ni na ga goman, kuma ban taɓa alfahari da wani mahaluki kamar yadda na yi da ke a ranar ba. Kamata ya yi in ɗaga labulen in shigo in gaya miki.

Ki yafe mini. Ɗakinki na nan, ban bari Nazeer ya taɓa miki komai ba.

Ummanki

Gidan Kawu Lawal
9 ga Nuwamba, 2023

Umma,

Ina wuni. Ina gaida Baba da Nazeer.

Na karanta. Na yafe miki. Amma ba zan iya dawowa Sheshe yanzu ba, ina jin muryoyinsu ko na rufe ido.

Har yanzu maganar ba ta fito ba, ina gwadawa a wajen shanu. Kawu ya ce motar Malam Ɗanladi na tasowa ranar Asabar. In za ki zo, ki bar wayar a akwati. Ki tsaya a ƙofar gida ki kira sunan nan da bakinki. Ban taɓa jin yadda yake a muryarki ba. Zan yi ƙoƙari in amsa.

'Yarki,
Rukayya